Ban ga al'ada ba tun da na haihu, ciki zai iya shiga?

'Yar'uwa, kin ce yau wata uku da haihuwarki, kin koma ɗakinki bayan arba'in, al'ada ba ta dawo ba, kina tsoron kwanika. E, ciki na iya shiga, domin ƙwai yana riga jinin farko fitowa. Ki sayi tsinken gwaji a kemis, ki gwada da fitsarin farko na asuba, kwana 21 bayan saduwar ƙarshe. Kada tsinken ya nutse ya wuce alamar da ke jikinsa, ki duba cikin minti 5. Layi biyu ciki ne, ko da na biyun dishi-dishi ne. Layi ɗaya babu. In ba layi ko ɗaya, tsinken ya lalace. Da a makonnin farko na jego ne, ragowar sinadarin tsohon cikin kan nuna layi biyu, amma a wata uku ya riga ya fita.

Shayarwa tana tsare ciki ne kawai in jariri bai kai wata 6 ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana. Nan ake faɗawa: da kaka ta fara ɗura masa ruwa ko koko, tsaron ya yi rauni. In babu ciki, ku je asibitin sha-ka-tafi ke da maigida ku zaɓi hanyar tazarar haihuwa. Allurar wata uku, ashanar hannu (ɗan tsinken da ake sakawa ƙarƙashin fatar damtse) da robar mahaifa duk sun dace da mai shayarwa yanzu. Ƙwayar hana ɗaukar ciki mai sinadari biyu kam a bari sai jariri ya cika wata 6, tana iya rage ruwan nono.