Tambaya da Amsa: Ina Bambancin Kamance da Siffantawa?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce daga Mabera a nan Sakkwato. In na zo feɗe waƙa, kamance da siffantawa suna rikita ni. Yaya zan rarrabe su?

Amsa: 'Yata, fara neman kalmar da ta haɗa abubuwan biyu. In kin ga "kamar", "tamkar", "sai ka ce", ko "awa" irin tamu ta Sakkwatawa, to kamance ne. Makaɗi ya ce wa ɗan kokawa "ƙirjinka kamar dutse": kamancen daidaito ke nan. In ya ce "ka fi dutse tauri", na fifiko ne. "Bai kai kara ƙarfi ba" kuwa na kasawa ne, kuma zambo ya fi son shi.

Siffantawa ba ta neman wannan gada. Kai tsaye za a ce "kai ne dutse". Shi ya sa kirari ya cika da ita. Tsaya kusa da maroƙi ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Musulmi, ki saurara. Ba zai ce basarake kamar giwa yake ba. Zai ɗaga murya ya ce "Giwa!", mahayin ya gyara zama bisa sirdi. Da ya sa "kamar", da ƙarfin maganar ya ragu, domin ya bar wa mai sauraro damar auna mutum da giwa. A ganina nan ne asirin yake.

Sai dai akwai wurin da ɗalibai ke tuntuɓe. Kiran mutum giwa ko zaki dabbantarwa ce kuma, ɗaya daga rassan jinsintarwa uku, wato ba abu halin wani jinsi da ba nasa ba. Kiran shi bango abuntarwa ce. In kuwa kin ce "Gulbin Rima ya yi fushi bana", kin ba ruwa halin ɗan Adam, wato mutuntarwa. Ɗango guda, wato layin waƙa, yana iya ɗaukar suna biyu, kada hakan ya tayar miki da hankali.

Abin da ke damuna in ina duba takardun jarrabawa shi ne ɗalibi ya rubuta "siffantawa ce" ya wuce. Kawo ɗangon, faɗi sunan salon, sannan ki bayyana dalilin da ya sa mawaƙin ya zaɓi giwa bai zaɓi raƙumi ba, da yadda hakan ya ƙarfafa jigo, ko turke in waƙar baka ce. Ki nemi littafin Salo Asirin Waƙa na Farfesa Abdullahi Bayero Yahya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, zai ƙara miki haske.