Me ya sa coci yake fitowa a hoto kamar zai faɗi ta baya?

Tambaya: Salam malam, ina ɗaukar hoton tsofaffin coci amma ginin sai ya fito kamar ya kishingiɗa, samansa ya tsuke. A ciki kuma in tagogi suka fito ko'ina ya yi duhu, in cikin ya fito tagogin sun ƙone fari fat. Kyamarar ce ko ni ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kyamararka lafiyarta lau, ɗaga mata kai da kake yi ne. Da zarar ka karkata ta sama don hasumiya ta shiga, sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ta daina fuskantar bango daidai, ƙasan ginin ya fi kusa da kai sai ya yi faɗi, sama ta yi nisa sai ta tsuke. Kuma waɗannan gine-ginen dogaye ne ba wasa ba, hasumiyoyin babban cocin Kolon a Jamus mita 157 ne, ta ina za ka haɗa su ba ka ɗaga kai ba?

Maganin farko kyauta ne, ja baya sosai, ka riƙe kyamara a miƙe, ka bar fili ya shiga ta ƙasa daga baya ka yanke shi. In ka samu bene a tsallake ka hau. Masu sana'ar kuwa shif lens suke sawa, irin Canon TS-E 17mm ko 24mm, gilashin ne yake zamewa sama har milimita 12 kyamara tana nan a miƙe, layuka su tsaya cak. Tsada gare shi gaskiya, kuma da hannu ake saita fokas ɗinsa. Lightroom, manhajar gyaran hoto a kwamfuta, ma yana miƙar da layi amma yana cinye gefen hoto, don haka ka bar sarari tun wajen ɗauka. Ni dai ba na miƙar da dogon gini ɗari bisa ɗari, don in an yi haka sai ka ga kansa ya kumbura, ɗan tsukewa kaɗan ya fi kama da abin da ido ya gani.

Batun haske, hoto ɗaya ba zai ɗauke tazarar da ke tsakanin hasken gilasan tagogi masu launi da duhun ciki ba. Kafa tirayifod, wato mariƙin kyamara mai ƙafa uku, ka sa ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) a 100, faɗin ƙofar haske a f/8 ko f/11, ka ɗau hotunan RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, guda uku ko biyar, wani don tagogi wani don inuwa, ka haɗa su a kwamfuta, amma kar ka haska inuwar duka, coci da ɗan duhunsa aka gina shi. Ranar da hadari ya rufe rana ta fi sauƙi. Filasha kam manta da ita, ba inda za ta kai.

Wurare da yawa ba sa barin tirayifod, to ka tambaya tukuna, in sun hana ka jingina da ginshiƙi ka ƙara ISO. Kuma lokacin ibada a bar mutane su yi ibadarsu.