Tambaya da Amsa: Jinin karena ya ƙi tsayawa

Tambaya: Likita barka da aiki. Karen da ke mana gadin gona ne ƙaya ta yanke shi a ƙafa, ɗan yanka kaɗan amma jini ya kwana yana zuba, yanzu har ta hanci yake ɗiga. Yayana da ke Ingila ya ce tsutsa na jawo haka, wai da gaske ne?
Daga wani manomi a Zariya

Amsa: Malam, yayanka bai yi ƙarya ba. Akwai tsutsa mai suna Angiostrongylus vasorum, a Faransa aka fara gano ta, ta kuma yi yawa a Ingila, kare na ɗaukarta ne in ya haɗiye katantanwa ko dodon koɗi, sai ta je ta zauna a jijiyoyin huhu da ɓangaren dama na zuciya, jini ya daina daskarewa yadda ya kamata, ga tari ga haki.

Amma a nan gida ni abin da zan fara zargi daban ne: maganin ɓera, ko cutar da kaska ke sa wa kare, sai tsutsar hanji mai ƙugiya, wadda miyaunta ke hana jini daskarewa a wurin da ta kama, shi ya sa kashin kwikwiyo kan fito baƙi kamar kwalta.

Ka ɗaga leɓensa ka duba dasashi, in ya yi fari fat to jini ya ragu sosai. Don Allah kar ka ba shi asfirin, zai ƙara zubar. Danne ciwon da tsumma mai tsabta ka kai shi asibitin dabbobi yau ɗin nan, ka tafi da ɗan kashinsa a leda a gwada, in kuma an zuba maganin ɓera a gonar ka riƙo kwalin, akwai allurar bitamin K da ake yi masa.