Tambayi Likita: Ciwon Hanji Na IBS Da Allurar Sinawa Mai Lantarki

Likita barka da aiki, na daɗe ina fama da murɗawar ciki da kumburi, yau gudawa gobe bayan gida ya ƙi fita, an min gwajin taifod da olsa ba a ga komai ba sai aka ce wai IBS ne. Dan Allah mene ne shi? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Hajiya, hanjinki ba shi da rauni, saurin jin ciwo ne ya masa yawa kuma motsinsa ya rikice, shi ya sa gwaji ba ya nuna komai. Muna kiransa IBS in ciwon yana zuwa aƙalla sau ɗaya a sati tsawon wata 3 kuma yana da alaƙa da bayan gida. Damuwa na tayar da shi, haka wake, albasa, tafarnuwa, madara da alkama ga wasu. Ba ya zama ciwon daji (kansa). Amma in kin ga jini a bayan gida ko kina ramewa ko ciwon yana tashinki cikin dare, maza ki koma asibiti.

Dokta na ji ance akwai akufanca, wato allurar Sinawa, da ake haɗa wa lantarki, yana warkar da IBS? Wani ɗan kasuwa daga Kano.

To Alhaji, ana soka siraran allurai a gefen cibiya da ƙasan gwiwa sai a maƙala musu waya daga wata ƙaramar na'ura mai sakin wuta kaɗan kaɗan, kamar minti 20 zuwa 30, kuma sai an yi ta komawa na makonni. Binciken da aka yi a Sin da yawa sun nuna mutane sun samu sauƙi, amma da masanan Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, suka tattara binciken akufanca a 2012 sai suka ga in an gwada da allurar bogi, wadda ake yi don mara lafiya ya zaci an masa, sauƙin ɗaya ne. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ma ba ta ba da shawararsa ga IBS ba. Ni dai ba zan hana ka gwadawa ba in kana da hali, amma fara da gyaran abinci da maganin murɗa irin su Buscopan ko man na'a-na'a, sun fi araha nesa ba kusa ba.

Mahaifina yana da na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, zai iya yi?

A'a sam, wutar na iya rikita na'urar. Mai juna biyu, mai farfaɗiya da mai shan maganin tsinka jini su ma sai da izinin likitansu. Wanda zai yi kuma ya tabbatar an fasa sababbin allurai a gabansa saboda ciwon hanta da HIV.