Tambaya da Amsa: Me ya haɗa mafarautan kifin wel da rikicin shayin Boston?

Tambaya: Malam, na karanta cewa jiragen da Amurkawa suka zubar da shayinsu a tekun Boston mallakar wasu attajirai ne 'yan ɗariƙar Kweka masu farautar kifin wel, wato ƙatuwar dabbar teku da ake samun mai a jikinta. Me ya kai masunta harkar shayi, kuma ɓangaren wa suka bi a yaƙin neman 'yanci? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka karanta gaskiya ne, sai dai biyu daga cikin jiragen uku ne nasu, Dartmouth da Beaver. Zuriyar Rotch ake kiran su.

Mafarin gidan shi ne Joseph Rotch, wanda aka haifa a 1704. Baduku ne mai ɗinkin takalma da ya koma tsibirin Nantucket da ke gaɓar Amurka, kudu da Boston, ya auri 'yar gidan Macy, ya shiga ɗariƙar Kweka. Waɗannan Kiristoci ne da suka ɓulla a Ingila wajen 1650, ba sa rantsuwa, ba sa ɗaukar makami, ba sa cire hula don girmama mai mulki. Joseph da 'ya'yansa ba su ne ke jefa mashi ba. Su ne masu jiragen, masu sayen man, masu kai shi kasuwa. A lokacin babu kananzir, da man wel ake kunna fitilun titunan Landan, wani farin kitse da ke cikin kan dabbar kuma da shi ake yin kyandir mafi tsada. Jirgi ya sauke mai a Landan, ba zai dawo fayau ba, dole ya nemi kaya. A 1773 kayan da aka samu shi ne shayin kamfanin East India.

Ranar 16 ga Disamba, 1773, jama'ar Boston suka tilasta wa Francis Rotch, ɗan Joseph, saurayi ɗan shekara 23, ya je wurin Gwamna Hutchinson, wakilin Birtaniya mai mulkin yankin, ya nemi izinin mayar da jirgin da shayinsa. Gwamna ya hana. Da yaron ya dawo da wannan amsa, a daren aka zubar da akwati 342 cikin ruwa. Shayin ba na Rotch ba ne, dako kawai suka yi.

Batun ɓangare kuwa, ba su bi kowa ba, kuma nan ne labarin ya fi taɓa ni. Wan Francis, William Rotch, ya taɓa karɓar bindigogi a madadin bashi. Bindigogin ya sayar wa maharban tsuntsaye, amma wuƙaƙen da ake ɗaura musu a baki ya riƙe. Da yaƙi ya tashi aka zo neman su, ya hana, daga baya ya watsa su cikin teku, don a ganinsa an ƙera su ne kawai domin kashe ɗan Adam. Aka kira shi gaban kwamiti ya yi bayani, daga baya ma aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, ba a same shi da laifi ba. Ka kuma duba halin tsibirin: babu gonar kirki, babu itace, kasuwarsa tana Landan, abincinsa yana zuwa daga Amurka. Jiragen Birtaniya na kama nasu, 'yan tawaye na zarginsu. Tsayawa tsakiya aƙida ce, kuma hanyar tsira ce, ba na jin za a iya raba biyun.

Bayan sulhu, jirgin William mai suna Bedford ne ya fara shiga Landan da tutar Amurka, a Fabrairun 1783, shaƙe da mai. Amma Birtaniya ta ɗora harajin fam 18 a kan kowane tan na man da baƙi suka kawo, riba ta mutu. William ya tafi Ingila a 1785 ya nemi a ba mutanensa wurin zama, aka yi ta ja masa rai, sai ya tsallaka Faransa, ya kafa sansani a Dunkirk a 1786. Can ma juyin juya hali ya riske shi. A 1791 ya tsaya gaban majalisar Faransa, Mirabeau na shugabanta, yana roƙon kada a tilasta wa 'yan Kweka rantsuwa ko ɗaukar makami. Ya bar ƙasar a farkon 1793, a 1795 ya zauna a New Bedford ta Amurka, garin da mahaifinsa ya sayi fili tun 1765. Ɗansa Benjamin ya ci gaba da sana'ar a Milford Haven ta yankin Wales.

Ɗariƙar ta taimaka wa dukiyarsu ƙwarai. Jirgi kan yi shekaru a teku, kuɗi na yawo tsakanin ƙasashe a kan amana, su kuma mutane ne da aka sani da magana ɗaya, masu aure a tsakaninsu. Gidajen Rodman da Arnold duk surukansu ne kuma abokan cinikinsu. Sun kuma tsaya kan ƙin bauta: William ya biya wani bawa, Prince Boston, ladan tafiyarsa a hannunsa maimakon ya ba ubangidansa, shari'ar da ta biyo baya ta kai Prince ga 'yanci. Gidan ya yi abota da Paul Cuffe, baƙar fata mai jiragen ruwa da ya kai mutum 38 Saliyo.

Duk da haka kada a wanke su tas. Ma'aikacin jirgi ba shi da albashi, ɗan kaso yake samu daga abin da aka kamo, bayan an cire bashin tufafi da taba, har wani kan dawo gida hannu rabbana. Dabbobin kuwa an yi musu kisan da ya sa dole jirage su riƙa nausawa har tekun Fasifik.

William ya rasu a 1828. New Bedford ta kai ƙololuwa a 1857 da jirage 329, shekara biyu bayan haka aka haƙa rijiyar man fetur a Pennsylvania, kananzir ya fara ƙwace kasuwar fitila.