Amsa: Ina ungulayen Bauchi suka shiga?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske tsuntsaye sun ragu a Bauchi, ko mu ne muka daina ɗaga kai. Sun ragu, amma ba duka ba. Ni mahauci ne, gadon gida, don haka da ungulu zan fara.

Muna yara, kafin a gama fiɗa sun cika kwata, wasu a katanga, wasu a ƙasa sai ka ture su da ƙafa. Duk abin da aka yar, su ke kwashewa. Yanzu a yanka shanu tun asuba har hantsi, ba ka ga ko ɗaya tana jewa ba. Karnuka da ƙudaje suka gaji aikin, wari kuwa ba a magana.

Ungulayen ba ƙaura suka yi ba, kashe su aka yi. Masu tsibbu na sayen kai da ƙafa da ƙwai, masu kamawa kuma su barbaɗa wa mushe maganin ƙwari irin Furadan, duk wadda ta sauka ta tafi. Ga inda matsalar take: ƙwai ɗaya tak ungulu ke yi a shekara, ɗan kuma sai ya yi shekaru kafin ya fara nasa. Kurciya biyu take yi, ta kuma maimaita kafin shekara ta zagayo, shi ya sa duk harbin yara da danƙo ba ta ƙare ba. Ungulu kuwa, in ka kashe uwa ɗaya ka yanke zuri'a. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin tamu ta cikin gari a sahun tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Shamuwa nata ciwon daban. Da damina take zuwa ta yi sheƙa a kan kuka da tsamiya da rimi a tsakiyar gari, ta ci fara a gonaki, da rani ta nufi kudancin Afirka. A ƙauyenmu masu gawayi da masu katako sun cinye manyan itatuwan, to ina za ta ɗora sheƙa? Gauraka kam yaranmu a hoto suka san ta, wannan yana ci mini rai. Balbela da hankaka su dai a idona ƙaruwa suka yi, don shanu da bola ba su ragu ba.

In kana son tabbaci, kada ka ƙirga masu wucewa a sama, ƙirga sheƙa: ta shamuwa a farkon damina, ta ungulu da rani, a itatuwa guda, kowace shekara, ka rubuta. Cibiyar APLORI da ke Jos tana tattara bayanan tsuntsayen Najeriya, irin wannan aiki take so. Amma don Allah, in ka ga sheƙar ungulu kada ka sanya wurin a Facebook, kada ka nuna wa baƙon da ba ka sani ba. Masu sayen ƙwan suna nan suna nema.