Hukuncin Fallasa Mai Karkatar Da Abincin Yara Masu Tamowa Idan Aminin Uba Ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan jarida ne a wani gidan rediyo a nan Kano. Wata uku ke nan ina bin diddigin abincin gyaɗar nan da ake bai wa yara masu tamowa kyauta a wani ƙaramin asibiti na cikin gari. Na ɗauki hoton rijistar sito, na sayi kayan a kasuwa da kuɗina, lambar kwalin ta yi daidai da ta rijista, kuma har makon jiya ana fitar da shi. Mai kula da siton aminin mahaifina ne, Baba nake ce masa. Na je gaishe shi a soronsa, na kunna waya a aljihu bai sani ba, ya amsa da bakinsa, har ya saki baki kan wata mata da yake kashe wa kuɗin. Hajiyata ta ce kada in ja mata abin kunya a unguwa. Wani malami kuma ya ce nasiha ga mai riƙe da muƙami a asirce ake yi, fallasawa haramun ce. Shin in watsa?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi. Ɗana, tun daga yadda ka jera maganar na gane ba neman suna ne ya kawo ka ba, nauyin Baban nan ne ya hana ka barci. Wannan nauyin tarbiyya ce, kada ka yar da shi.

Kalma ɗaya ce a tambayarka ta yanke hukunci: "har makon jiya ana fitar da shi". Da a ce abu ne da ya wuce, mutumin ya tuba ya mayar da haƙƙi, da na ce ka rufa masa asiri. Amma ɓarnar tana gudana, kuma masu haƙƙin yara ne da ba su iya kai ƙara ba. Uwa ta goyo yaro daga bayan gari, an auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan ya faɗa ja, alamar tamowa mai tsanani, sannan a ce mata kaya sun ƙare, alhali suna kan tebur a kasuwa. Imamu Nawawi, da yake sharhin hadisin rufin asirin Musulmi a Sahihu Muslim, ya bayyana cewa suturtawa tana kan saɓon da ya riga ya auku ya ƙare. Ya kuma ce waɗanda aka bai wa amanar sadaka da waƙafi da dukiyar marayu, wajibi ne a bayyana aibinsu idan buƙata ta kama, kuma wannan ba giba ba ce, nasiha ce. Mai riƙe da mukullin sito yana cikinsu. Saboda haka rahoton halal ne, in ma babu wata hanyar da za ta tsayar da satar, ya zama wajibi a kanka.

Haramcin giba da wajabcin tabbatar da labari kowa ya san su, ba sai na tsaya ba.

Inda zan tsaya shi ne maganar malamin da ya hana ka, domin ta yaɗu a garin nan, kuma ana ɗora ta inda ba muhallinta ba. Madogarar masu wannan magana hadisin Iyadu ɗan Ganmi ne da ke Musnadu Ahmad, cewa wanda zai yi wa mai mulki nasiha kada ya yi a bainar jama'a, ya kama hannunsa su keɓe. Malaman hadisi sun yi saɓani kan ingancinsa. Mu ƙaddara ya inganta. Yana magana ne kan shugaba, wanda zaginsa a kan mumbari kan iya tada fitina a zubar da jini. Ina haɗin wannan da ma'aikacin da ake biya albashi don ya tsare kwalaye? Bayyana cin amanarsa ai taimako ne ga shugaban da ya ɗauke shi aiki. Ko kan shugabannin ma, magabata ba su mayar da sirri sharaɗi a kowane hali ba. Lokacin da Marwanu, gwamnan Madina a wancan zamani, ya gabatar da huɗuba kafin sallar idi, wani mutum ya miƙe cikin taro ya ce masa salla ce kafin huɗuba, Abu Sa'idul Khudri ya ce wannan ya sauke nauyin da ke kansa. Yana cikin Sahihu Muslim. Mu da muke ƙasar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa bai kamata mu ruɗe ba. A Kitabul Farƙi ya zayyana zaluncin sarakunan zamaninsa, da harajin da suke ɗora wa talakawa da gaisuwar da suke karɓa, a rubuce, almajirai suna kwafa suna yaɗawa. Abin da ke ba ni takaici shi ne, wannan fatawar ta sirri ba a cika tuna ta ba sai mai laifin yana da rawani ko kujera. Ɓarawon waya a kasuwar Kurmi ba wanda ke cewa a kama hannunsa a keɓe.

Sai dai, ɗana, akwai inda ka yi kuskure. Ka shiga soron mutum a matsayin ɗa, ya saki jiki da kai saboda ubanka, kai kuma waya tana naɗa a aljihu. Annabi (SAW) ya ce idan mutum ya yi magana sannan ya waiga, to maganar amana ce. Lalura ce kaɗai ke buɗe wannan ƙofa, kai kuwa ba ka cikinta, tunda rijista da lambar kwali sun ishe ka hujja. Kada ka sa muryarsa a rediyo. Maganar matar nan kuma ka binne ta har abada. Ba ta da alaƙa da haƙƙin yaran, kuma ko da habaici ka jefe ta da alfasha ba tare da shaidu huɗu ba, ka shiga ƙazafi, mai bulala 80 a Suratun Nur. Ka goge wannan ɓangaren yau, kada ya kwana a wayarka, domin waya tana ɓata, abokai kuma suna turawa a WhatsApp.

Kunyar da ake ja maka da ita tana da wurinta: ita za ta tsara maka yadda za ka yi, ba ita za ta rufe maka baki ba. Ka samu mahaifinka ku koma wurin Baban tare, ka gaya masa kai tsaye cewa rahoto zai fita, ka ba shi dama ya kare kansa ko ya dawo da kaya. Ka kai takardunka ga shugabannin asibitin da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha. In ka zo watsawa, ka faɗi asibitin da yawan kayan da ka tabbatar da ranakun, ba ƙari. Sunansa kuwa, in ambaton muƙami ya wadatar, ka tsaya nan. Da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka yana cewa wannan naku, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi maganar a gaban kowa, amma ya ce "me ya sami ma'aikacin da muke aikawa", bai kira suna ba. Kuma kada ka sa 'ya'yansa mata ko surukansa a baki, ka san yadda aure ke mutuwa a garin nan kan magana ɗaya.

Wannan hadisin kai ma yana kanka. Daga ranar da aka ji kana da takardun nan, za a zo maka da ambulan a ce kuɗin mai ne, ko wani mai neman kujerar Baban ya ce zai ɗauki nauyin shirin. Duka biyun haramun ne, na farko kuɗin yin shiru ne, na biyu kuɗin yin magana.

Hajiya kuma ba saɓa mata kake yi ba, domin ba a yi wa mahaifi biyayya wajen barin zalunci ya ci gaba. Amma kada ka je mata da ayoyi kana ɗaga murya. Ka zauna ƙasa kusa da ita bayan isha'i, ka nuna mata ƙullin da ka saya, ka gaya mata yaro nawa aka mayar gida hannu wofi a makon, sannan ka roƙi addu'arta kafin ka shiga ɗakin watsa shiri. Wallahu a'alamu.